Daga Falon Manya Na Filin Jirgi Zuwa Inuwar Magamar Jibiya

 

Yau hanya za mu ɗauka, mu duba wurin da matafiyi ke tsayawa a tsakiya kafin ya ƙarasa, wato zango. Duk wadda ta taɓa doguwar tafiya da goyo a baya, ga wani yaron riƙe da gefen hijabi, ta san a wurin jira wahalar tafiya take taruwa. Muddin mota na gudu yara barci suke yi. Da an tsaya, wannan ya ce ƙishirwa, wancan ya ce fitsari, jariri ya tsanyare da kuka, ke kuma kina waige-waigen inda za ki raɓa ki ba shi nono.

Wurare biyu za mu leƙa. Na farko falon hutu ne na manyan fasinjoji a filin jirgin sama, irin wanda kike gani a hotunan Instagram. Na biyu bakin iyakar Jibiya a Jihar Katsina, inda ake tsallakawa zuwa Nijar. Tazarar da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ce, amma abin da matar da ta zauna a kowannensu take buƙata iri ɗaya ne.

Falon manya

Yawancin jiragen ƙasashen waje da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai sun yada zango a garinsu kafin su kai ki inda kika nufa. Idan Ethiopian Airlines kika hau, a Addis Ababa za a sauke ki ki jira wani jirgin. EgyptAir a Alƙahira. Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a 2022, a Doha. Jiran kan zama na awa biyu, kan zama na awa takwas, wani sa'in har a kwana.

Mai tikitin gama-gari kujerun ƙarfe na bakin ƙofar jirgi ne rabonta. Mai tikitin bizines kuwa, wanda kuɗinsa kan ninka na gama-gari sau biyu ko uku ko fiye, akwai wata ƙofa ta daban da za ta nuna katin shiga jirgi a buɗe mata. Abin da za ki fara lura da shi idan kin shiga shi ne shiru. Hayaniyar lasifika da ƙarar tayoyin akwatuna duk sun tsaya a waje. Ga kujeru masu laushi, kowace da wurin cajin waya a gefenta. Ga abinci an jera irin na ɗebi-da-kanka, ba mai tambayarki sau nawa kika koma. Ga banɗaki tsaf da mai gogewa a kai a kai, ga wurin wanka da tawul da sabulu, ga ɗakin sallah. A wasu wuraren har da ɗakin wasan yara da teburin canza wa jariri famfas.

Ethiopian Airlines suna kiran ajin bizines ɗinsu Cloud Nine, kuma sunan da falonsu na filin jirgin Bole ke amsawa ke nan. Na Qatar Airways a Doha, Al Mourjan, faɗinsa ya kai murabba'in mita 10,000, wato ya fi filin ƙwallo. Dabarar ma ta tsufa: kamfanin American Airlines ne ya fara buɗe irin wannan falo a filin jirgin LaGuardia da ke New York a 1939.

Ko ba ki sayi bizines ba ana iya shiga ta wasu hanyoyin. Mai yawan hawa jirgin kamfani ɗaya takan tara maki har a ba ta katin zinare, kuma irin wannan kati galibi yana ba da damar shiga da baƙo ɗaya. Akwai katin Priority Pass da ake biyan kuɗinsa shekara-shekara. Akwai kuma falukan da ake biya a bakin ƙofa a zauna na awanni. Idan jiranki mai tsawo ne kuma da ƙananan yara kike, ki tambayi kuɗin, ki auna shi da abin da za ki kashe a shagunan abincin filin jirgi, waɗanda tsadarsu ba ta misaltuwa.

Idan Allah ya sa kin shiga, ki kula da abu uku. Da yawa daga cikinsu ba sa sanar da tashin jirgi a lasifika, saboda haka ki sa ƙararrawa a waya, domin akan rufe ƙofar jirgi minti 15 zuwa 20 kafin ya tashi. Agogon Addis Ababa da Doha da Jidda yana gaban namu da awa biyu, ki tabbata wayarki ta gyara lokaci. Sannan a falukan ƙasashe da dama ana ajiye giya a gefen lemo, naman ma sai kin tambaya, don haka ke za ki zuba wa yara da hannunki.

To amma me aka sayar wa wadda ta biya wannan kuɗi? Ruwan sha, wurin kama ruwa, wurin sallah, abinci, inda za ta miƙe ƙafa, da inda za ta ajiye jaka ta rufe ido ba fargaba. Wani ya zauna ya yi tunanin buƙatunta tun kafin ta iso. Ki riƙe wannan jerin a zuciya, mu sauko ƙasa mu hau mota.

Hanyar Jibiya

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar wajen kilomita 100 ce, kuma iyaka tana kusan tsakiya. Za ki fita ta yamma da birni, ki wuce Daddara, ki isa Magama, mararrabar da hanya ke rabuwa: ɗaya ta shiga garin Jibiya, ɗaya ta yi arewa zuwa Nijar. Bayan an gama da jami'an shige da fice da na kwastan na Najeriya, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar, cikin yankin Madarumfa, inda jandarma da 'yan duwan za su yi nasu binciken. Daga nan sai Maraɗi.

A lissafin kilomita tafiyar ba ta kai ta awa biyu ba. A zahiri takan ci rabin yini, saboda shingayen jami'an tsaro suna da yawa a hanyar, kuma motar haya ba ta barin iyaka sai an gama da takardun fasinja na ƙarshe da kayan da ke but. Wannan shi ne zangonki, ko kin shirya masa ko ba ki shirya ba.

Wurin yana da nasa kyan idan kin samu natsuwar kallo. Manyan motoci sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu. 'Yan canji na zaune da damin naira da sefa an ɗaure da roba. Mai shayi na fifita gawayi, 'yan mata na zagayawa da awara da gyaɗa da fura, 'yan kabu-kabu na kiran fasinja. Inuwar bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ita ce kujerar alfarma, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, cinkoson ninkuwa yake yi.

Kunnenki ma zai ji canji. Hausa ɗaya ce, amma nan za ki fara jin lakwal a maimakon makaranta, duwan a maimakon kwastan. Ki kula da lissafin kuɗi: a Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, don haka idan mai tuwo ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jikka ɗaya kuma sefa 1,000.

Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne tun kafin a ja layi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, sarakunan Katsina na dauri suka bar birnin suka yi arewa, daga baya suka kafa sarautarsu a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin can. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar da yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906. Ko ruwa bai san da rabon ba: kogin Gada da aka datse aka yi madatsar ruwan Jibiya shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya zagayo ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da kogin Rima.

Ƙofar da ake rufewa a buɗe

Fasinjan jirgi ya san ƙarfe nawa jiransa zai ƙare. Mutanen Jibiya sun ga jiran da ba shi da agogo. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe guda huɗu a Disambar 2020, har da Illela da Maigatari, ba a sa Jibiya a ciki ba, sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza.

A labarai, maganar shinkafa da man fetur da kuɗin shiga ake yi. A cikin gidaje kuwa, maganar wadda mahaifiyarta ke jinya a Maraɗi ce ita kuma tana aure a Katsina, da wadda aka yi sunan jikarta ba ta samu zuwa ba.

Ki duba su waye matan da ke zaune a wannan inuwa. Akwai 'yan biki da ƙullin kayan gara. Akwai uwar da za ta kai wa ɗanta ɗalibi kayan abinci a jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi. Akwai wadda ta ɗauko yaro mai tamowa za ta kai shi inda likitocin ƙungiyar MSF ke aiki a yankin Madarumfa. Akwai masu lalurar yoyon fitsari da ke neman asibitin Babbar Ruga a Katsina ko cibiyar Danja kusa da Maraɗi. Ki yi tunanin mai wannan lalura a zaune awa uku cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ba wurin da za ta canza zane.

Ko mai lafiya ba ta tsira ba. Dabarar da yawancinmu muke yi ita ce mu ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya kama mu a hanya. Namiji zai zagaya bayan mota ya tsuguna, mace kuwa sai ta matse. Ƙarancin ruwa a jiki cikin zafi yana kawo ciwon kai da jiri, ya fi haɗari ga mai ciki da mai shayarwa, kuma yawan riƙe fitsari yana taimaka wa ciwon mafitsara. Abin da ake ƙirgawa cikin kayan alatu a Doha, a Magama maganar lafiya ce da mutunci.

Kakanninmu sun riga Amurka

Kada ki ɗauka tanadar wa matafiyi wurin hutu baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu na jagorantarsu, kuma tafiyar zango-zango ce: a tashi da sassafe, a sauka inda akwai ruwa da ciyawar jakuna. A manyan garuruwa akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. Sunan bai ɓace ba. Ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga unguwannin Zongo a Kumasi da Accra. Ita kanta Kano, da jirgin sama ya fara sauka a cikinta a 1925, ta daɗe tana zama zangon jiragen da ke shan mai tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Ragowar wannan al'ada tana nan, kuma a hannun mata take. Mace baƙuwa tana da damar da namiji ba shi da ita: za ta iya tsayawa a zauren gida ta yi sallama ta wuce har cikin gida. “Baiwar Allah, matafiya ce, ina son in kama ruwa in yi sallah.” Da wuya a ce miki a'a. Za a miƙo buta, a shimfiɗa tabarma, a ce ki kwanto goyon ya sha iska, wani lokaci a damo fura. Na zauna a falon filin jirgi na kuma zauna a irin wannan tsakar gida, kuma a tsakar gidan ne aka karɓi jaririn da ke hannuna aka ce in ci abinci da hannu biyu.

Sai dai ki tuna halin da masu gidan suke ciki. Ruwan da aka zuba miki a buta wataƙila saye aka yi daga 'yan garuwa. Jibiya gari ne da ya sha ambaliyar Yulin 2018 da ta ci rayuka fiye da 40, ya sha rufe iyaka da ya tsayar da kasuwa, ya kuma karɓi mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Baƙo raɓa ne, kada ki zame musu nauyi. Ki ajiye sabulu ko ƙullin sukari ko 'yan alewar yara a bakin jaka saboda irin wannan. Ki faɗa wa direba ko abokiyar zama gidan da kika shiga, kada ki yi nisa da mota, kuma kada ki bar yaro a hannun wanda ba ki sani ba.

Ki haɗa falonki a jaka

Tunda ba wanda ya yi tunanin buƙatunki kafin ki iso, ke za ki yi tun daga gida.

Takardu su ne farko. Fasfo mai sauran wa'adi shi ne ya fi kwanciyar hankali, musamman tun bayan ficewar Nijar daga ECOWAS, tare da katin rigakafin cutar shawara. Ki riƙe takardun haihuwar yara, idan kuma ba da mahaifinsu kuke tafe ba ki karɓi wasiƙar amincewarsa. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya. Kwana ɗaya kafin tafiya ki sa a tambayi direbobin tasha halin da hanya da iyaka suke ciki, matambayi ba ya ɓata.

Ki tashi da safe yadda za ki tsallake da rana tsaka ki isa kafin la'asar. Wannan hanya ba ta tafiyar dare ba ce, kuma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kada ki yarda a bi da ke ta ɓarauniyar hanya a kan babur don gudun layi, balle da yara. Kada kuma ki karɓi saƙon ƙunshi daga wanda ba ki sani ba, a nan ko a filin jirgi.

Ki ɗauki ruwa fiye da yadda kike zato, ki kuma sha. Ƙaramar buta, darduma, da babban zane guda wanda zai zama labule idan 'yar'uwa ta riƙe miki, ya zama shimfiɗa, ya zama inuwa. Famfas da leda ta zuba wanda aka cire. Fo na roba idan yaron ya fara zama. Ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. Abincin da ba ya lalacewa da zafi, irin su dabino, ƙuli-ƙuli, cincin da dambun nama. Lokacin hunturu ki ƙara da man shafawa da hular sanyi.

Ki cika waya da fawa banki. Layin MTN ba shi da reshe a Nijar. Airtel da Moov da Zamani ne a can, don haka ki rubuta lambar mai tarbarki a takarda, da +227 a gabanta. Ki canji 'yan sefa kaɗan a ƙananan takardu, ki ƙirga a gaban ɗan canji, ki raba kuɗinki gida biyu.

Abin da ya rage a yi

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan jirgin ya fara aiki, a nan ma za a yi jiran duba takardu, kuma yanzu ne lokacin da ya dace mata su yi magana, tun ba a gama gini ba: banɗakin mata daban mai ruwa a famfo, wurin sallah na mata, da ɗan ɗakin shayarwa mai ƙofa.

Kafin jirgin ya iso ma akwai abin yi. Rumfa mai benci, banɗaki biyu, tankin ruwa, da mace ɗaya da za a riƙa biya ta kula da tsabtar wurin ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, ba su fi ƙarfin ƙungiyar direbobi ko 'yan kasuwar da ke cin arzikin wannan hanya ba. Ƙungiyoyinmu na mata da ke tara kuɗin anko da adashi su ma za su iya ɗaukar banɗaki ɗaya. Idan maigidanki ko ɗan'uwanki na cikin masu neman inda za su yi sadaka mai gudana, ki ambata masa Magama.

Wadda ta bi hanyar nan kwanan nan ta taimaka ta faɗa wa 'yan'uwa abin da ta tarar, da takardun da aka nema a hannunta, domin masu shirin tafiya su amfana. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya.